Dinya Ba Tsuntsu Ba Ce

Ƙanena Bartol shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, ƙauyuka uku, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Sigari kuwa bai taɓa kai ta bakinsa ba. To wannan mutumin ne, da ya kai saba'in da ɗaya, ya koma ba ya iya zuwa daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya tsaya ya dafa bishiyar tuffa, ya yi kamar yana duba ganyenta. Ni shingen waya ne kawai tsakanin gidana da nasa, ina ganin komai ta tagar kicin. Na girme shi da shekara biyar, ni na yi renonsa, ba abin da zai ɓoye mini.

Tari ne busasshe, ba majina ba komai, sai numfashi da ke ta gajarcewa. Shekara ta uku ke nan yana fama, sau uku ana kwantar da shi a asibiti a Osijek. Likitoci suka saurari bayansa, suka ce ƙasan huhun yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Suka sa shi cikin babbar na'urar ɗaukar hoto, suka ce huhun ya yi tabo, tabon kuma yana ci gaba. Har suna suka ba ciwon, dogo mai wuyar faɗa. Da 'yarsa Ljerka ta fassara mana shi a waya daga Jamus, ashe ma'anarsa ke nan: ba a san dalili ba.

Duk wata uku yakan je ya busa iska cikin wani bututu, na'ura ta fitar da lamba, lambar kuma kullum ƙasa take yi. Zuwansa na ƙarshe aka gaya masa in ta sake sauka a wannan hunturun, sai a haɗa shi da tukunyar iska, da siririn tiyo a hanci dare da rana, kuma wanda ya shiga wannan ba ya fita. Bartol ya fi tsoron tiyon nan a kan mutuwa. Ya ce mini shi da ya yi rayuwarsa a kan titi, ba za a ɗaure shi a ƙafar gado kamar ɗan maraƙi ba.

Matarsa Reza kuwa, Allah ya sani, ba macen da ta kai ta jinya. Ta rufe tagogi, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, don a wajenmu duk ciwon da ba a gane kansa ba, iskar da ke ratsa ɗaki ce ta kawo shi. Ta dafa masa shayin ganye iri-iri, ta shafa masa kitse a ƙirji. Sai kuma perina, bargonmu na gashin dinya, mai kauri kamar katifa, marar nauyi kamar kumfa, wanda kowace amarya ke shigowa da shi gidan miji. Wata amaryar guda biyu take kawowa, wata guda uku. Reza bakwai ta kawo, ban da matasan kai goma sha biyu, domin gidan ubanta gidan dinyoyi ne. Ina cikin waɗanda suka tsige gashin. Hunturu huɗu mata suna taruwa a gidan uwarta, mu kewaye tebur, kowace da tulin gashi a gabanta, muna zare laushin daga tsinken da farce, ba mai yin dariya da ƙarfi ko atishawa don kada aikin ya tashi sama. Duk matan teburin nan sun rasu, saura ni da ita.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, in aka kwantar da Bartol asibiti, kwana biyar sai ka gan shi ya warware, yana yawo a baranda yana ba mutane labarin karnukan da suka taɓa cizonsa. In ya dawo gida, kafin mako biyu ya koma yadda yake. Reza takan ce ai 'yan matan jinyar ne maganinsa, tsoho da shi ba kunya. Shi kuma ya ce a'a, miyar asibiti ce da ba gishiri, a gwada masa ita a gida. Mu yi dariya, ta ƙara masa perina ta biyu.

A watan Oktoba takarda ta zo daga asibiti. Wata likita mai suna Mirna da abokan aikinta suna wani bincike: suna sake kiran duk waɗanda aka ce ba a san dalilin tabon huhunsu ba, su sake duba su daga farko. Wai a wasu ƙasashe an yi haka, aka tarar da yawa daga cikinsu akwai dalili, wani abu ne da suke shaƙa kullum jikinsu yana faɗa da shi, ba wanda ya lura. Reza ba ta shiga bas, amai take yi tun kafin a fita ƙauye, saboda haka ni na raka shi.

Likita Mirna yarinya ce siririya, ba za ta wuce talatin da biyar ba, tana magana a hankali kamar mai tsoron ta farkar da jariri. Ta ɗebi jininsa kwalba huɗu, sannan ta ba mu takardar tambayoyi shafi shida, ta ce mu cika a natse. Bartol ya manta tabarau, ni na karanta, yana amsawa. Ya taɓa aiki a mahaƙar ma'adinai? A'a. Injin niƙa, rumbun ciyawa, wurin yankan katako? A'a. Akwai funfuna a bangon gida? Da Reza ta ji wannan tambayar, da an yi rigima. Sai muka zo kan wata: akwai tsuntsaye a gidanka, ko wani abu da aka yi da gashin tsuntsu?

Na tuna mun ɗan tsaya. Ni na yi tunanin kanari a keji, irin na matan birni. Shi ya yi tunanin hular maharba mai gashin fakara a gefe, ya ce bai taɓa mallakar irinta ba. Ko kaza ba mu da ita yanzu, ƙwai ma a mota ake kawo mana, dinyoyin Reza kuwa an sayar da na ƙarshe shekara goma sha biyar da suka wuce, da gwiwarta ta fara ciwo. Da hannuna na rubuta a'a.

Bayan mako uku likitar ta bugo waya. Ta ce jinin Bartol ya nuna jikinsa ya daɗe yana yaƙi da wani abu na tsuntsu, kuma da alama yaƙin bai tsaya ba. Ta tambaye shi ko maƙwabta na kiwon tattabaru. Ya ce mutum ɗaya ne mai tattabaru a ƙauyen, shi ma yana can ƙarshen titi, kuma shekara ashirin ba sa ga maciji. Ta ce to in ba damuwa za ta zo da kanta ranar Asabar ta ga gidan.

Reza ta yi kwana biyu tana shiri kamar za a zo neman auren jikarta. Ta goge abin da yake a goge, ta dafa miyar nama da taliyar da ta murza da hannu, ta gasa naɗaɗɗen burodi mai cuku. Likitar ta iso da hantsi a wata 'yar mota ja, da takalman roba da fitila. Ba ta zauna ba sai da ta shiga rumfar keke, ta hau saman silin, ta sauka ɗakin ƙasa inda ake ajiye dankali, ta leƙa bayan murhu. Ta sami tsohuwar sheƙar tsattsewa guda ɗaya a rumfa, ta daɗe tana kallonta, ta girgiza kai. Bayan haka Reza ta kama ta ta zaunar, ta cika mata kwano sau biyu, tana ce mata 'yata ci, waɗannan hannuwan naki ko allura ba za su iya riƙewa ba.

Har ta sha gahawa ta ɗauki jaka, da ganin fuskarta ka san ta yi tafiyar banza. Sai Reza ta ce ai ba a zuwa gidanta a tafi ba a ga ɗakin gaba ba. Ɗakin gaba shi ne mai kallon titi, wanda ba a kwana a ciki, ba a buɗe shi sai ga baƙon kirki. Ta tura ƙofa, ta matsa gefe tana gyara ɗankwali. Gadaje biyu, kowanne an jera masa perina kan perina, matasan kai a sama, farare tas da zanen allura a baki, tulin ya kusa taɓa silin.

Likitar ta tsaya a bakin ƙofa. Ta miƙa hannu ta danna ɗaya, hannun ya nutse.

"Mama, me ke cikin wannan?"

"Dinya zalla," in ji Reza. "Ba gashin kaza ko ɗaya, ba na agwagwa. Duba ko za ki ji tsinke."

"Baba ma da irinsa yake rufa?"

"Biyu. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, in ƙara ta uku in sanyi ya yi. Me kika ɗauke ni?"

Likitar ta juyo ta dubi Bartol, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce amma a takarda mun rubuta babu abin gashin tsuntsu a gidan.

"Ai babu," in ji Bartol. "Wannan dinya ce."

"Dinya ba tsuntsu ba ce, Baba?"

"Tsuntsu shi ne mai hawa bishiya ya yi kuka. Dinya kiwo ce, kamar akuya. Kin taɓa ganin an tsare tsuntsu da sanda an kai shi rafi?" Ya ɗan yi tari, ya ƙara da cewa, "Kuma ko da tsuntsu ce, takardar cewa ta yi gidanka. Gidan nawa ne, amma kayan gado na tsohuwa ne. Ni ko zare ɗaya ban da shi a ciki."

Na so in yi dariya, amma da na dubi Reza sai dariyar ta koma. Ta riga mu gane inda maganar ta nufa.

Muka koma kicin, likitar ta yi bayani da sauƙi. Gashin tsuntsu, ko ya shekara hamsin, yana sakin wata ƙura mai laushi da ido ba ya gani. Mutum dubu za su shaƙe ta su kwana lafiya, ɗaya kuma huhunsa ya ɗauke ta abokiyar gaba, ya yi ta kumburi, kumburin ya zama tabo. Me ya sa Bartol, me ya sa sai yanzu bayan shekaru masu yawa, ta ce wannan yana cikin abin da suke bincike, ba za ta yi mana ƙaryar ta sani ba. Ba ta ma ce tabbas perinar ce ba. Ta ce hanyar sani ɗaya ce: a fitar da duk wani gashi daga gidan, har na ɗakin gaba, a wanke ko'ina, a buɗe tagogi kullum, za ta ba shi maganin kwantar da kumburi, bayan wata uku a sake busa bututu a gani. Tabon da ya riga ya zauna ba zai goge ba. Abin da ake nema shi ne ya tsaya inda yake.

Reza ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a kan cinya. Sannan ta tashi ta naɗe sauran burodin a takarda ta ba likitar, ta raka ta har mota, ta ce ta gaida iyayenta. Da motar ta tafi, ta dawo ta rufe ɗakin gaba, ta sa makullin a aljihun atamfar da take ɗaurawa a gaba.

Kwana tara ba abin da ya motsa. Reza ta ce yarinyar da ba ta san bambancin dinya da gwara ba, ita ce za ta ce a kwantar da mara lafiya cikin Nuwamba da taga a buɗe, ba perina? In so ake a kashe shi, a faɗa mata kai tsaye. Ta ce uwarta da kakarta da kakar kakarta a cikin gashin nan aka haife su, a ciki suka mutu da tsufansu. Na ce mata ai ba wanda ya ce gashin guba ne, huhun Bartol ne ya ƙi shi. Ta ce to huhun nasa ya yi shekara arba'in da takwas yana so, sai yanzu da likita mai jan mota ta zo. Ljerka ta yi ta bugo waya daga Jamus tana kuka, uwar ta daina ɗauka.

Na tare Bartol shi kaɗai da ya shigo shan gahawa, kamar yadda yake yi kowace safiya tun da mijina ya rasu. Na ce masa kai fa numfashinka ne, buɗe baki ka yi magana. Ya daɗe yana juya cokali.

"Yaya, in na ce a fitar da su, na ce mata ita ta yi mini wannan ke nan. Shekara uku ba ta yi barcin kirki ba saboda ni. Da wane bakin zan faɗa?"

Na ce to sai ka zauna a sa maka tiyo. Ya ce wataƙila ma likitar ba daidai ta gani ba. Ya san ba haka ba ne, ni ma na sani. Na yi fushi da su duka biyun, na kwana biyu ban leƙa gidan ba.

Rana ta goma da safe ina zaune ina tsince wake, sai ga Reza ta shigo ba sallama, ta ja kujera ta zauna, ta jawo rabin waken gabanta ta fara tsincewa. Sannan, ba ta ɗago kai ba, ta tambaye ni ko na tuna ranar da aka fara kwantar da shi. Likitar ma ta taɓa yi mana wannan tambayar, mun kasa faɗin kwanan wata. Amma mu ba da kwanan wata muke riƙe abu ba. Na ce washegarin ranar Waliyyi Martin ne, bara waccan, don ina da sauran naman biki a tukunya da motar asibiti ta zo.

Ta ce a ranar Martin ɗin, bayan an dawo daga coci, ta farke bakin babbar perinar ta ƙara mata gashi daga buhun da uwarta ta bari, don ya ce yana jin sanyi. A ɗakin kwana ta yi, yana zaune yana riƙe mata bakin buhun.

Ta ce na biyun fa? Na ce saura kwana uku Kirsimeti, bara, shi ya sa ba a yi bikin a gida ba. Ta ce saura kwana huɗu ta juye gashin matasan kai cikin sababbin riguna. Na ukun ba sai ta tambaye ni ba, duk ƙauyen sun sani, don an yi ta tsokanarsa da shi: ranar Waliyyi Blaž limamin coci ya sa masa kyandir biyu a wuya ya yi masa addu'ar maƙogwaro, washegari aka tafi da shi asibiti. Ta ce a ranar ce da yamma ta ɗinka masa sabon matashi babba, ta cika shi taf, don ya riƙa jingina in tari ya hana shi kwanciya.

Ta ture waken gefe.

"Sau uku na buɗe gashin nan a shekara uku, Yaya Tonka. Sau uku aka ɗauke shi. Kwana tara ina juya shi ta kowace fuska ko zai fito daban, ya ƙi."

Na ce ai ba ki sani ba. Ta ce ta san ba ta sani ba, ba wannan ta zo ji ba. Ta zo ne ta tambaya ko baron marigayi mijina yana da iska a taya, kuma ko saman silin ɗina ba ya yoyo.

A ranar muka kwashe. Muka tura Bartol gidan wani abokinsa ya wuni, muka ɗaure hanci da ɗankwali, muka naɗe kowace perina cikin zanin gado muka ɗaure. Sawu goma sha ɗaya na baro, ta ƙofar titi, don ba ya wucewa ta shinge. Matan layinmu suka fito suna kallo, wata ta tambaya ko Reza yaji za ta yi a wannan shekarun. Reza ta ce e, ta gaji da tsohon, ta samu saurayi a Osijek. Ba ta yi kuka ba sai da muka zo kan ta ƙarshe, ƙarama, wadda uwarta ta ɗinka wa suna a kusurwa da jan zare. Nan ma ta juya baya ne kawai ta daɗe tana gyara ɗaurin.

Muka wanke bango da ƙasa da labule, muka fitar da katifa aka kawo sabuwa. Ljerka ta aiko da barguna na auduga da na roba, masu santsi, marasa ƙamshin komai. Reza ta kira likitar da kanta ta faɗa mata ranakun nan uku. Na ji likitar ta sa ta maimaita a hankali tana rubutawa, ta kuma ce daga yau ta sauya tambayar takardarta, za ta riƙa tambayar mutane da me suke rufa, kuma matar gida za ta tambaya.

Hunturun bai yi daɗi ba. Reza ta ce bargon roba kamar mutum ya rufa da jarida ne, ta riƙa kwana da rigar sanyi biyu da safa. Kowace safiya tana buɗe tagogi minti goma sha biyar, tana tsaye da agogo a hannu da fuska a murtuke, shi kuma tana korarsa kicin kusa da murhu. Gidana ya zama haramun gare shi, tun da gashin duk yana sama da kaina, ga nawa kuma da nake rufa da shi. Gahawar safe ta koma bakin shinge, yana can ina nan, kowa da kofinsa da hularsa, tururi na fita daga bakinmu. In zan shiga wurinsu sai na sauya riga. Tarin bai tafi ba. Wani mako in ga kamar ya ragu, wani mako in ce ina jin abin da nake so in ji ne. Reza ba ta taɓa tambayarsa ko ya ji sauƙi ba, shi ma bai taɓa cewa komai ba.

Ranar gwaji ta faɗo farkon Maris. Na shirya zan raka shi, sai na tarar da Reza a bakin titi da baƙar rigarta ta zuwa coci, da lemon tsami a hannu, da leda biyu a jaka. Ta yi amfani da duka biyun kafin mu kai Osijek, ba ta kuma yarda an yi mata sannu ba.

Aka sa masa maƙalli a hanci, ya kama bututun da baki, ma'aikaciyar tana ce masa busa, busa, ƙara, ƙara, har fuskarsa ta yi ja. Sau uku. Aka sa shi tafiya a baranda minti shida da wani abu a yatsa. Sannan muka zauna jiran Likita Mirna, Reza tana murza ɓawon lemon nan har ya yi laushi.

Likitar ta jera takardun shekara biyu a tebur ta juyo da su wajenmu. Ta bi lambobin da alƙalami, kowace ƙasa da ta gabanta, har ta zo ta yau. Ta yau ba ta sauka ba. Ta ɗan hau ma, kaɗan, ta ce kada mu ɗora wa wannan kaɗan ɗin nauyi, abin da ya fi shi ne tsayawar. Maganar tukunyar iska a ajiye ta yanzu. Za a ci gaba da dubawa duk wata uku, ba ta yi alkawarin shekaru ba, amma ta ce in da za a ba ta zaɓi da safen nan, wannan takardar za ta zaɓa.

Bartol ya sauke numfashi, ya shafa hancinsa inda maƙallin ya matse. Reza ba ta dubi lambar yau ba. Ta sa yatsa a kan ta farko, ta ja shi a hankali zuwa ta ƙarshe.

"Wannan da ya tafi, 'yata, ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba, Mama."

"Da an fitar da su tun hunturun farko fa?"

Likitar ta dube ta. Ta ce wataƙila da an tsira da wani abu, ba za ta ɓoye mata ba. Amma a hunturun farko likitoci nawa suka gan shi, ba wanda ya tambaya, kuma a ƙarshe ba na'ura ce ta haɗa ranakun nan uku ba, Reza ce.

Reza ta gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta shige ta ba. Sai Bartol ya miƙa hannu ya ɗauke yatsanta daga kan takardar, ya riƙe. Ban taɓa ganin ya riƙe hannunta a gaban mutane ba, ko ranar aurensu.

"Tsohuwa, bar abin da ya tafi. Wanda ya rage ya ishe ni in yi miki musu shekara goma."

"Biyar ma ka yi ka gani," in ji ta.

Ta zare hannunta ta goge ido da bakin ɗankwali, ta tambayi likitar ko a wannan asibitin akwai inda mutum zai sami shayi mai zafi, domin akwai bas a gabanta kuma ledarta ta ƙare.